Kowa Ya Sani, Ban da Mai Ciwon

A gidan Bahaushe na da, labarin ƙaratowar ajali daga babba yake fitowa. Dattijon da jiki ya ƙi, ya sha saiwa da sassaƙe da rubutu bai ga sauƙi ba, shi da kansa yake aikawa a kira masa ƙaninsa ko amininsa, ya ce da alama wannan ciwon ba na tashi ba ne. Sai ya lissafa masu binsa bashi da waɗanda yake bi, ya fayyace iyakar gona, ya sa a mayar da ajiyar mutane, ya ambaci wanda zai riƙe ƙananan yara, ya roƙi gafarar iyalinsa da maƙwabta. Ba shi da hoton ciki, ba shi da sakamakon gwajin jini, amma duk gidan babu wanda ya fi shi sanin halin da yake ciki. A 'yan shekarun nan abin ya juye. Sani ya koma hannun 'ya'ya: su likita yake ja gefe, su suke iya karanta takardar da aka rubuta da Turanci, su suke kwana suna bincike a waya, kuma kafin gari ya waye labari ya zaga zauren WhatsApp na dangi daga Kano zuwa Abuja zuwa Jidda. Mutum ɗaya ne ba a saka a zauren ba, shi ne mai ciwon. A ganina wannan sauyi, da yawancinmu muke ɗauka tausayi ne, ya raba iyaye da wani haƙƙi da kakanninsu suke da shi ba tare da sun roƙa ba. Babu kuma cutar da ta fi fito da wannan asara fili kamar ciwon dajin fankiriyas da ya yi nisa, domin ba ya ba da lokacin gyara kuskure.

Fankiriyas wata gaɓa ce mai tsawon kimanin santimita 15, tana kwance can bayan tumbi, kusa da ƙashin baya. Ita take fitar da ruwan da ke narkar da abinci a hanji, ita kuma take samar da insulin mai daidaita suga a jini. Saboda zurfin inda take, ƙari yakan daɗe yana girma ba a ji shi da hannu ba, kuma alamominsa na farko duk muna da sunan da muka saba ba su. Ciwon saman cibiya mai sokawa zuwa baya, mu ce olsa ce. Kasala da rashin sha'awar abinci, mu ce taifot. Suga ya bayyana bagatatan ga tsohon da ke ramewa, mu ce ciwon zamani. Idan ƙarin ya toshe hanyar da ruwan ɗaci ke bi daga hanta zuwa hanji, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, jiki ya kama ƙaiƙayi, sai mu ce shawara ce, a nemo jiƙo. Haka watanni za su tafi tsakanin kemis da mai magani. Ya kamata a faɗa wa 'ya'yan da wannan jinkiri ke hana barci wata gaskiya: ko a Amurka da Ingila, inda na'urori suke birjik, kusan mutum 1 ne cikin 5 ake gano nasa tun ana iya yi masa tiyata, kuma kusan rabi sai ya riga ya bazu zuwa hanta ko wasu sassa ake ganewa. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna kimanin mutum 496,000 aka samu da cutar a shekarar, kimanin 466,000 kuma ta yi ajalinsu. Kusancin waɗannan lambobi biyu ya isa ya nuna irin cutar da ake magana a kai.

Likitanci ya ci gaba, wannan ba abin musu ba ne, amma a auna ci gaban da ma'auninsa. A 1935 wani likitan tiyata a birnin New York, Allen Whipple, ya bayyana aikin da har yau ake kira da sunansa, inda ake cire kan fankiriyas da sashen hanjin da ke manne da ita. A shekarun 1960 da 1970 kusan mutum 1 cikin 4 aikin da kansa yake kashewa. Yau a manyan cibiyoyin da suka ƙware bai kai 5 cikin 100 ba. Sai dai wannan na wanda aka gano nasa da wuri ne. Wanda nasa ya bazu, maganin kemo ne ya rage masa, kuma tarihin kemo a wannan cuta da watanni ake ƙirga shi. A 1997 aka nuna maganin jemsitabin ya kai matsakaicin kwanan marasa lafiya wata 5.7, maimakon wata 4.4 da tsohon magani yake bayarwa. A 2011 likitocin Faransa suka fito da haɗin da ake kira FOLFIRINOX, wanda ya kai wata 11.1 a kan wata 6.8, amma an gwada shi ne a kan masu sauran ƙarfi, waɗanda ke iya tashi su yi hidimarsu kuma ba su haura shekara 75 ba, ga shi da wahalarwa: gudawa, amai, mutuwar yatsu, da raunin garkuwar jiki. Matsakaici yana nufin rabi sun wuce haka, rabi ba su kai ba. A Amurka, waɗanda suke kai shekara 5 bayan gano cutar sun tashi daga kashi 3 cikin 100 a shekarun 1970 zuwa kashi 13 a yanzu, amma ga wanda nasa ya bazu har yanzu kashi 3 ne. To, tun da abin da magani yake iya saye watanni ne, kuma ana biyan wani ɓangare na watannin da wahalar maganin, tambayar da ta rage ita ce wa ya fi cancanta ya ce a saya ko kada a saya. Ba na jin akwai amsa ta biyu bayan mai jikin.

Abin da yake faruwa a gidaje da yawa kuwa daban ne. Babban ɗa zai tsare likita a baranda ya ce, "Likita, don girman Allah kada ka faɗa wa Baba." A koma ɗaki a ce, "Baba, sun ce olsa ce ta yi ƙarfi, za a riƙa yi maka ƙarin ruwa." Daga nan sai a shiga neman kuɗi. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita, kuma asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet ya fara, ban da wannan. Saboda haka gona ce za ta tafi, ko fili, ko shanu, ko jarin ɗan da ya fi rufin asiri. A je asibitin Shika, a je Abuja, wanda ya samu hali ya nemi bizar Masar ko Indiya. Da, ana auna biyayyar ɗa da zamansa a gefen tabarmar mahaifinsa. Yanzu ana neman a auna ta da nisan asibitin da ya kai shi, kuma tsoron kada a ce sun bar ubansu ya mutu alhali suna da hali yana yanke hukuncin da ya kamata hankali ya yanke. Ba na zargin ɗan da ya sayar da gidansa don uwarsa, hasali ma wanda bai taɓa jin zai iya hakan ba shi ne abin tuhuma. Abin da nake cewa shi ne, sau da yawa dukiyar da ake sayarwa ta mai ciwon ce, gadon marayun da zai bari ce, kuma ba a tambaye shi ba. Sannan su kansu masu sayarwar ba lalle ne sun fahimci abin da suke saye ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya gano kashi 69 cikin 100 na masu dajin huhu da ya bazu, da kashi 81 na masu dajin babban hanji, ba su fahimci cewa kemon da ake ba su ba mai warkarwa ba ne. Idan haka ta faru ga masu jin harshen likitansu kai tsaye, ina ga wanda sai an yi masa tafinta, kuma tafintan ya riga ya ƙudurta ɓoyewa?

Hujjar farko ta masu ɓoyewa ita ce faɗar gaskiya tana karya zuciya, zuciya kuma in ta karye jiki ya bi ta. Wannan magana ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A 1961 wani likita a Chicago, Donald Oken, ya tambayi 'yan'uwansa likitoci 219, kusan kashi 90 cikin 100 suka ce ba sa faɗa wa mara lafiya yana da ciwon daji, kuma dalilinsu shi ne dai namu. Da aka maimaita tambayar a 1979, kashi 97 suka ce suna faɗa. Cikin shekara 18 al'ada ta kife, kuma tashin hankalin da ake tsoro bai auku ba. A 2008 aka bibiyi masu ciwon daji da ya yi nisa su 332 tare da masu jinyarsu, aka ga waɗanda likita ya zauna da su ya yi musu maganar ƙarshen rayuwa ba su fi sauran shiga ƙunci ko fargaba ba. Sun dai fi kauce wa na'urorin da ke tsawaita wahala a makon ƙarshe, kuma iyalan da aka wahalar da mamacinsu da irin waɗannan na'urori su suka fi faɗawa ciwon damuwa bayan rasuwa. Bayan haka, a tambayi duk wanda ya taɓa aikin jinya: tsohon da ya ga wandonsa ya yi masa yawa, ya ga 'yarsa ta taso daga gidan aure ta tare, ya ga ana yin shiru idan ya buɗe ido, ya san ba olsa ba ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ɓoyon yake haifarwa kawai shi ne kowa ya kaɗaita da abin da ya sani: su suna kuka a bayan ɗaki, shi yana yi musu kara yana cewa da sauƙi don kada ya tayar musu da hankali.

Hujja ta biyu ta fi nauyi a wurinmu, domin da rigar addini take zuwa. Ana cewa likita ba Allah ba ne, ba wanda ya san gawar fari, cuta ba mutuwa ba ce, kuma yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji haramun ne. Duk gaskiya ne, kuma likitan da zai ce wa mutum saura maka wata uku cif ya wuce iyakar iliminsa. Amma sanin ranar ajali daban, sanin cewa ciwo mai tsanani ne daban, kuma shari'a da kanta ta san wannan bambanci, tun da malaman fiƙihu sun ware wa ciwon ajali hukunce-hukunce na musamman a kan kyauta da saki. Da aka soki Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan Hijira, an ba shi abin sha aka ga yana fita ta wurin raunin, sai aka gane ba zai tashi ba. Ba a ɓoye masa ba. A 'yan kwanakin da suka rage masa ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ke kansa, ya aika neman izinin Nana A'isha a binne shi kusa da abokansa biyu, ya naɗa mutum shida da za su zaɓi magajinsa. Babu wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Addinin da ya sa biyan bashi gaba da rabon gado, ya ba mutum damar yin wasiyya da sulusin dukiyarsa, ya kuma kwaɗaitar da neman yafiya tun ana numfashi, yana ɗauka ne cewa mutum zai samu labarin halinsa. Ɗan da ya hana mahaifinsa wannan labari don kada ransa ya ɓaci, zai iya barinsa ya tafi da haƙƙin wani a wuyansa, kuma ai mun san wanne ya fi tsoro a cikin biyun.

Akwai masu cewa wannan duk tsarin Turawa ne, inda kowa tasa ta fisshe shi, mu kuwa dangi ne suke ɗaukar nauyi tare, kuma akwai kunya tsakanin ɗa da mahaifi. A nan ina ba su rabin gaskiya. Yadda wasu likitocin Yamma suke zayyana wa mara lafiya lambobi ido da ido bai dace da mu ba, kuma ɗan fari da mahaifiyarsa ko sunansa ba ta faɗa ba shi ne zai zauna ya yi mata wannan bayani ba. Amma kunya hanyar faɗa take sauyawa, ba ta soke faɗar. Muna da aminin uba, muna da baffa da goggo, muna da limamin unguwa, mutanen da aikinsu ke nan tun fil azal, su shiga da magana mai nauyi su sauke ta a hankali. Kuma akwai mataki kafin faɗa, wato tambaya: "Baba, likitoci sun ga wani abu a hoton. Kuna so a yi muku bayani, ko kun fi so a yi wa Yaya ya tsaya muku?" Wanda ya ce a yi wa Yaya, an gama, zaɓinsa ne, kuma rashin son sani haƙƙinsa ne kamar yadda sani yake haƙƙinsa. Japan ma ƙasa ce ta girmama manya da sakaya magana, har sarkinsu Hirohito, da aka yi wa aiki a cikinsa a 1987 aka samu daji, bai ji sunan ciwonsa daga likitocinsa ba har ya rasu a 1989. Yau mafi yawan masu ciwon daji a can ana faɗa musu, kuma ba su daina girmama iyayensu ba.

Kada a fahimci cewa ina goyon bayan maganar nan ta daji ba ya son allura, wadda ta hana mata da yawa zuwa asibiti da ƙullutun mama tun ana iya cire shi. Dattijon da yake da ƙarfi, aka yi masa bayani, ya ce yana so a gwada kemo ko don ya ga auren autarsa, a taya shi da duk abin da aka mallaka. Wanda kuma ya ce a mayar da shi ɗakinsa, ba guduwa ya yi daga magani ba, domin magani bai ƙare a kan kemo ba. Ana iya saka ɗan bututu a buɗe hanyar ruwan ɗaci, shawarar ta sauka, ƙaiƙayi ya lafa. Akwai ƙwayoyin da ke maye gurbin ruwan narkar da abinci, su rage gudawa da kumburin ciki. Akwai allurar da ake yi wa jijiyoyin da ke bayan fankiriyas don rage ciwon baya. Uwa uba akwai mofin, maganin kashe raɗaɗi. Wannan fanni na sassauta wahalar mara lafiya Cicely Saunders ce ta kafa shi a tsarin zamani da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakan maganin raɗaɗin daji a 1986, kuma a 2010 wani gwaji a Boston a kan mutum 151 masu dajin huhu ya nuna waɗanda aka haɗa da wannan kulawa tun farko sun fi jin daɗin kwanakinsu, sun ma fi daɗewa, wata 11.6 a kan wata 8.9.

A nan ne kuma bai kamata a yi wa zamanin da ado ba. Dattijon nan da ya san halinsa ya yi wasiyya, cikin azaba yake cikawa, ana yi masa fifita ana tofi, ba abin da za a ba shi. Abin takaici shi ne jikansa ma, da duk na'urorin da suka zo, sau da yawa haka yake cikawa. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa a duniya, Nijeriya kuma tana can ƙasan jerin. Ba tsada ce ta jawo ba, domin ruwan mofin na sha yana cikin magunguna masu arha. Anne Merriman ta nuna haka a Uganda tun 1993, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, don ya kai ƙauyukan da babu likita. A Ibadan an buɗe sashen wannan kulawa a asibitin koyarwa a 2007. A Arewa wani tsoro ya ƙaru a kan na da: mun ga ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, sai iyali su ji an ambaci mofin su ce ba za a mayar da Hajiya 'yar ƙwaya ba, ko su ce allurar ƙarasawa ce. Mofin da likita ya auna, ake sha a kan lokaci, ba ya gaggauta ajali, kuma tsohuwar da ciwo ya hana ta sujada ba ta da alaƙa da matsalar 'yan shaye-shaye. Barin ta cikin raɗaɗi ma wani nau'in yanke mata hukunci ne ba da saninta ba.

Haka batun abinci, wanda yake haɗa faɗa a ɗakin jinya fiye da komai. Ramar wannan cuta ba ta yunwa ba ce, ciwon ne yake cinye tsoka ko da an ci, don haka ɗura kunu da farfesu da magiya da fushi ba ya mayar da jiki, sai dai ya ƙara amai da ɓacin rai. 'Ya'ya mata da matan gida, waɗanda su ne suke kwana a ƙasan gado suna wanki da juyi alhali ba a cika sa su a shawarar kuɗi da tafiya ba, su aka fi ɗora wa laifin wai ba ya ci. Da an yi bayani a fili, da an sauke musu wannan nauyi.

Saboda haka, kai da aka miƙa wa takardar sakamako a baranda, kafin ka kira dillalin fili, koma wurin likita ka tambaye shi ƙarara: wannan magani na warkarwa ne ko na ƙarin lokaci, kuma me zai ci a jikin mai shan sa? Ka tambaye shi inda ake samun mofin da wanda zai riƙa duba ciwon idan an koma gida. Sannan ka nemo mutumin da mahaifinka yake jin nauyinsa, ku shiga tare, ku tambaye shi iya abin da yake son ya sani, tun yana da ƙarfin da zai ba ku amsa.